Igiya Uku, Anini Biyu

Bayan la'asar, a ƙofar gida nan Ƙofar Guga,
nake goge takalmin da ba zan ƙara sawa ba.
Maƙwabta na cewa Saje Dikko ya manta ya yi ritaya.
Ban manta ba. Hannun ne bai ji labari ba.

Ni ta ƙaramar ƙofa na shiga soja.
Shekara sha tara, takardar firamare ninke a aljihu,
motar Zariya, ƙosan da ya huce a hanya.
Aka aske mu tas kamar ƙorai a rana,
aka ce daga yau sunanka kurtu.
Igiyar farko ta ci mini shekara biyar.
Ta biyu sai da na kwana rami ni da Jatau,
ruwa har ƙugu, sauro na kiran suna.
Jatau bai jira ta uku ba.
Ta uku tare suka zo da furfura,
ban san wadda ta riga yin sallama ba.

Akwai wani yaro laftanar, gemu bai tsiro ba.
Ni na koya masa yadda ake jin dare da kunne,
sa'an nan na ƙame, na sara masa.
Ban ji haushi ba.
To, na ji, kaɗan.
Da me ya fi ni? Amsar na cikin jakarsa:
takarda guda, mai hatimi.

Shi ya sa ran da Saude ta ce, "Baba, kaki nake so,"
uwarta ta saki ludayi cikin miya,
ni kuwa na ce, "Ki so, amma kar ki bi sawuna.
Gidan nan ƙofarsa ba ɗaya ba ce.
Tawa sai an duƙa, wani har ya tsufa bai miƙe ba.
Akwai ta Kaduna, shekaru ana karatu ana fareti.
Akwai ta masu digiri, wata kaɗan ne, a fito hafsa.
Gama karatun jinyarki tukuna."

Filina na hanyar Jibiya ya koma kuɗin makaranta.
Fansho kuwa, in ya zo, ba ya zama shan ruwa.
Kullum asuba tana gudu zuwa Ƙofar 'Yanɗaka,
ina bin ta a keke, ina ƙirge, ina tari.
Wani mai sheƙin hula ya same ni a masallaci,
wai dubu ɗari uku, sunanta ya fito.
Na ce anini in an saye shi
kafaɗa ba ta iya ɗauka.
Sau biyu jerin suna na fitowa ba ita.
Ta yi kuka a bayan randa, ta zaci ban ji ba.
Na uku ban iya karantawa ba,
ido ya ƙi.

Jiya Keke Napep ya tsaya inda nake zaune.
But ya fara saukowa, baƙi, ana ganin fuska a ciki.
Anini biyu a kowace kafaɗa.
Gwiwa ta ce kar ka soma. Na miƙe.
Na haɗa duga-dugai, silifas ya yi ƙara.
"Baba, don Allah!"
"Ba ke na sara wa ba. Sauke ni, Laftanar."
Ta amsa da hannu yana rawa.

Na ce, "Waɗannan biyun takarda ta ba ki.
Na gaba sai jarrabawa, sai kwas, sai daren da ba barci.
Kar ki ci sai yaranki sun ci.
In kin ga tsohon saje ya yi shiru, tambaye shi dalili."

Sai ta tuɓe hula, ta durƙusa har ƙasa,
"Baba, ina wuni?"
Ƙasar ƙofar gida ta ɓata mata takalmi.
Na miƙa hannu.
Buroshin na nan kusa.